Yadda Muryarka Ke Ratsa Lungunan Birni Ta Wayar Salula

A filinmu na kimiyya na wannan fitowa za mu duba wani abu ne da kowa ya saba gani, amma ba kowa ya san dalilinsa ba. Mutum yana cikin uwar ɗaka a kira shi a waya, sai murya ta riƙa yankewa, ya yi ta faman "ba na jin ka, sake faɗa." Da ya fito tsakar gida sai magana ta fito tangaram. Wani kuma yana cikin shago, sai ya ɗaga wayar sama kamar mai tsinkar mangwaro kafin saƙonsa ya tafi. Wani ma taku ɗaya kawai zai matsa, sabis ya dawo. Daga nan sai zargi ya tashi. Wannan ya ce wayar ce ta tsufa, ya je ya kashe kuɗi ya sayi sabuwa. Wancan ya ce kamfani ne ke cutar jama'a. A unguwa guda kuma za ka tarar ana kukan rashin sabis, kuma ana faɗa da duk wanda ya ba da filinsa a kafa turken sadarwa.

To, ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya kamata ka riƙe tun daga farko shi ne, a cikin birni da wuya saƙo ya zo wa wayarka kai tsaye. Yawanci sai ya bugi bango, ya tsallake rufi, ya sha kwana, ya kutsa ta taga, sa'an nan ya iso gare ka ta hanyoyi da yawa lokaci guda. Wanda ya gane wannan ya gane rabin halin wayar da ke aljihunsa.

Mece ce igiyar rediyo?

Jefa tsakuwa cikin kududdufi, ka ga yadda ruwa ke yin zobe-zobe yana bazuwa. Eriyar waya ma haka take yi, sai dai ita wutar lantarki ce ke kai da komo a cikinta da saurin gaske, daga nan wata irin igiya marar ganuwa ta bazu ko'ina. Wannan igiya 'yar'uwar haske ce, asalinsu ɗaya, gudunsu ɗaya, wato kilomita 300,000 a sakan guda. Da za ta kewaya duniya, da cikin sakan guda ta zagaye ta fiye da sau bakwai. Wani masani ɗan ƙasar Sikotlan mai suna James Maxwell shi ya fara nuna da lissafi, a 1865, cewa akwai irin wannan igiya. Wani Bajamushe kuma, Heinrich Hertz, ya tabbatar da ita a ɗakin gwaji a 1887. Daga sunansa aka samo ma'aunin nan "haz", wato kaɗawa ɗaya a sakan. Megahaz kuwa kaɗawa miliyan ɗaya ke nan a sakan.

Tunda 'yar'uwar haske ce, halinsu ya yi kama. Kimanin shekara dubu da suka wuce Ibnul Haisam ya yi bincike a Alƙahira kan yadda haske ke tafiya a miƙe, da yadda yake komowa in ya bugi madubi. Waɗannan ƙa'idoji suna aiki a kan igiyar rediyo.

Ka san tsofaffinmu masu sauraren rediyo sun saba da jin "a kan mita 19" ko "mita 31" ko "mita 49 a gajeren zango." Wannan mita ba komai ba ce illa tsawon igiyar, daga tudun kaɗawa ɗaya zuwa na gaba. Lissafinsa mai sauƙi ne: raba 300 da yawan megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon a mita. Tashar FM mai megahaz 100 tsawon igiyarta mita 3 ne. Wayar salula mai aiki a kan megahaz 900 tata santimita 33 ce, ɗara rular makaranta kaɗan. A kan 1,800 kusan santimita 17. A kan 3,500 kuwa, inda ake gudanar da tsarin 5G a Najeriya, ba ta kai santimita 9 ba, kamar tsawon yatsa. Riƙe waɗannan alƙaluma, za mu dawo kansu.

Gajeren zango yana tafiya dubban kilomitoci domin akwai wani sashe can sama a sararin samaniya da ke mayar da shi ƙasa. Igiyar salula kuwa huda wannan sashe take yi ta wuce abinta. Saboda haka ba ta da gata a sama, dole ta yi ta fama da gidaje da bishiyoyi a nan ƙasa.

Dalilin kasa birni gida-gida

Wayar cikin mota ta farko da aka fara haya a Amurka a 1946 tana amfani ne da eriya ɗaya mai tsawo da ƙarfi don gari duka. Matsalar ita ce layukan magana 'yan kaɗan ne, in mutane ƙalilan suka kama su sai kowa ya jira. A 1947 injiniyoyin kamfanin Bell suka kawo wata dabara. Kwatanta ta da makarantarku. Idan aka tara ɗalibai duka a fili ɗaya, malami ɗaya da lasifika, darasi ɗaya kawai za a iya yi. Amma idan aka raba su aji-aji, kowane malami ya sassauta murya daidai ajinsa, sai a yi darasi ashirin lokaci guda ba wanda ya dami wani. Haka aka yi wa birni: aka kasa shi yanki-yanki kamar saƙar zuma, kowane yanki da ƙaramin turkensa, kuma zangon da aka yi amfani da shi a nan ana iya sake amfani da shi a can gaba inda sautin wannan bai kai ba. Kalmar "salula" ma daga nan ta samo asali, domin a harshen da aka aro ta tana nufin abin da aka kasa 'yan ɗaki-ɗaki.

Dabarar ta daɗe kafin ta zama aiki. A 1973 Martin Cooper na kamfanin Motorola ya buga kira na farko da wayar hannu a kan titi a birnin Niyok. A 1979 aka buɗe tsarin salula na kasuwanci a Tokiyo. Tsarin GSM ya fara aiki a Finlan a 1991, ya iso Najeriya a watan Agustan 2001 bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisi a watan Janairun shekarar. Tsarin 5G kuwa ya soma a ƙasar a 2022.

In ka ɗaga kai ka dubi turken sadarwa, wanda jama'a ke kira ƙarfen sabis, za ka ga wasu dogayen alluna farare, yawanci suna fuskantar sassa uku. Su ne eriyoyin da ke magana da wayarka, kowanne ya ɗauki sulusin kewaye. Akan ɗan sunkuyar da su ƙasa don kada sautinsu ya zarce ya shiga ajin maƙwabta. Za ka kuma ga wani abu mai kama da ganga ko faranti. Wannan ba ruwansa da wayarka, aikinsa haɗa turke da turke ne, kuma dole su biyun su riƙa hangen juna ba shamaki. Wasu turakan kuma da wayar gilashi ta ƙarƙashin ƙasa ake haɗa su. Ka ga ke nan muryarka ba daga wayarka take tashi ta faɗa wayar abokinka ba. Ko da kuna zaune a tabarma ɗaya, sai ta je turke, ta shiga cibiyar kamfani, sa'an nan ta dawo. Tafiyar da take yi a iska gajera ce, sau da yawa 'yan ɗaruruwan mita a cikin gari, amma a nan wahalar take.

Abubuwa biyar da ke samun igiya a hanya

Na farko, raguwa saboda nisa. A fili fetal, in nisa ya ninka biyu ƙarfin igiya yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. A cikin birni mai cunkoson gine-gine yakan koma kashi ɗaya cikin takwas, ko ma ɗaya cikin goma sha shida. Abin da ke isowa wayarka ɗan mitsitsi ne ainun. Waya tana iya aiki da saƙon da ƙarfinsa bai wuce kashi ɗaya cikin tiriliyan goma na wat guda ba, alhali ƙaramin ƙwan lantarkin ɗakinka yana cin wat 5 ko 10.

Na biyu, komowa. Kamar yadda amsa-kuwwa ke dawowa in ka yi kira kusa da dutse ko cikin ɗakin da ba kaya, haka igiya ke komowa in ta bugi abu mai faɗi: bangon bene, rufin kwano, jikin tirela, ko fuskar ruwa. Ƙarfe ya fi komai mayar da ita, domin a wurinta madubi ne. Dogon titi mai benaye hagu da dama yakan zame mata kamar magudanar ruwa, ta riƙa bugun wannan bango tana komawa wancan har ta yi nisa. Shi ya sa kana kan babban titi sabis cike, da ka karya kwana ka shiga lungu sai ya zube.

Na uku, lanƙwasa. Kana bayan katanga kana jin muryar mai talla ko da ba ka ganinta, domin sauti yana lanƙwasowa ta saman katanga. Igiyar rediyo ma tana lanƙwasa a bakin rufi da kusurwar gini, ta zubo ƙasa cikin lungu, sai dai da rauni. A nan tsawon igiya yake aiki: doguwa ta fi iya lanƙwasa, gajera kuwa ta fi kama da haske, tana barin inuwa mai duhu a bayan gini. Dubi unguwannin cikin birnin Kano, inda gidaje ke manne da juna kuma lungu bai wuce faɗin kura ɗaya ba, ko rumfunan Kasuwar Kurmi. Mai tsayuwa a irin wannan wuri ba ya hangen turke ko kaɗan. Abin da ke ciyar da wayarsa shi ne abin da ya gangaro daga saman soraye da rufin kwano. Dutse kamar Dala ko Goron Dutse shi ma yana da inuwarsa: turken da ke wannan gefe ba ya yi wa na wancan gefe amfani sosai, sai an kafa musu nasu.

Na huɗu, watsuwa. Idan igiya ta ci karo da ƙananan abubuwa masu girma kusa da tsawonta, kamar ganyen bishiya, falwaya, allon talla, babura da Keke Napep, sai ta tarwatse ta ko'ina kamar ruwan da aka watsa a kan tsakuwa.

Na biyar, ratsawa da shanyewa. Igiya tana iya huda bango, amma kowane bango sai ya karɓi harajinsa. Katako da labule da gilashin taga na gama-gari ba sa cin da yawa. Bulo ya fi su ci. Kankare mai rodi a ciki ya fi bulo. Katangar ƙasa mai kauri irin ta gidajen da, musamman in ta sha ruwan damina, ita ma ba ta da sauƙi, domin ruwa yana shanye wannan igiya. Haka ɗanyen ganye, haka jikin ɗan Adam, wanda fiye da rabinsa ruwa ne. Lissafa bango nawa ne tsakanin titi da uwar ɗaka: zaure, shigifa, rumfa, sa'an nan ɗaki, ga kwano a sama. Ka ga dalilin da ya sa tsakar gida, wadda samanta ke buɗe, ta fi ko'ina sabis.

Ƙarfe kuwa ba ya ratsuwa. Tun a 1836 Michael Faraday ya nuna a Ingila cewa ɗakin da aka lulluɓe da ƙarfe yana kare abin da ke cikinsa daga tasirin lantarkin waje. Shagon kwantena, ko lif na bene, ko rumfar kwano sama da ƙasa, duk 'yan'uwan wannan ɗaki ne. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To igiya ma haka, ta ƙofa da taga take shiga, in an rufe su ta tsaya a waje.

Sirrin taku ɗaya

Yanzu ga inda abin ya fi ban sha'awa. Tunda igiya ta komo daga nan, ta lanƙwaso daga can, ta watsu daga gaba, abin da ke isowa wayarka ba saƙo ɗaya ba ne. Kwafi ne da yawa na saƙo guda, kowanne ya biyo tasa hanya, wani gajera wani doguwa. Wanda ya yi zagayen ƙarin mita 300 zai makara da kashi ɗaya cikin miliyan na sakan.

Koma kududdufi, ka jefa tsakuwa biyu lokaci guda. Inda tudun wannan zobe ya haɗu da tudun wancan, ruwa ya fi tashi. Inda tudu ya haɗu da kwari, sai su kashe juna, ruwa ya kwanta. Haka kwafin nan ke yi a cikin ɗakinka. A wani wuri suna taruwa su ƙarfafa juna, a wani wuri su cinye juna har ƙarfin ya faɗi zuwa kashi ɗaya cikin ɗari, ko ƙasa da haka. Tazarar da ke tsakanin rami da rami kuwa kimanin rabin tsawon igiya ce: wajen santimita 16 a kan megahaz 900, wajen 8 a kan 1,800. Bai kai taƙi guda ba. Wato da idonka na ganin igiyar rediyo, da ka ga ɗakinka dabbare-dabbare da haske da duhu kamar inuwar da ke ƙarƙashin bishiyar darbejiya da tsakar rana. Mai ɗaga waya sama, da mai juya kai, da mai matsawa taku ɗaya, duk fita suke yi daga duhu zuwa haske, ko sun sani ko ba su sani ba.

Kuma zanen nan ba ya zama wuri ɗaya. Babbar mota ta gifta, ko wani ya buɗe ƙofar ƙarfe, sai ya sauya. In kai ne ke tafiya abin ya fi haka: a motar da ke gudun kilomita 60 a awa, wayar da ke kan megahaz 900 tana faɗawa cikin irin wannan rami kimanin sau 100 a kowane sakan. Abin mamakin ai shi ne yadda ake jin magana ma sam.

Yadda aka shawo kan matsalar

Matakin farko awo ne. Lissafi kaɗai ba ya iya bin kowane bango da kowace bishiya, saboda haka wani injiniya ɗan Japan, Yoshihisa Okumura, shi da abokan aikinsa suka riƙa yawo da na'urar awo a mota cikin Tokiyo da kewayenta, suna rubuta ƙarfin igiya a tsakiyar gari da bayan gari da karkara. Suka fitar da sakamakon a 1968. A 1980 Masaharu Hata ya mayar da shi ƙa'idojin lissafi. Da irin waɗannan ƙa'idoji, da taswirar gari a kwamfuta, injiniyoyi ke kintata inda ya dace a kafa turke da tsawon da za a ba shi, kuma bayan an kafa sukan zagaya da mota su auna.

Mataki na biyu, an sa wayar kanta ta zama mai lura. Kana cikin magana tana sauraren turakan da ke maƙwabtaka, a tsarin GSM tana kai rahoto kusan sau biyu a sakan. Idan wanda take kai ya yi rauni wani ya fi shi, sai a miƙa ta gare shi ba tare da ka ji ba. Mai tafiya daga wannan gefen gari zuwa wancan yana iya ratsa turaka da yawa a kira ɗaya. In miƙawar ta ci tura, misali sabon turken ya cika, a nan kira ke yankewa ɗif. Haka kuma turke yana umartar waya ta ɗaga murya ko ta sassauta gwargwadon nisanta. Iyakar ƙarfin wayar GSM wat 2 ne, ta 4G kuwa kimanin kashi ɗaya cikin biyar na wat. Inda sabis ya yi rauni waya takan yi ta ihu da iyakar ƙarfinta, shi ya sa take ɗumi kuma batir ya zube da wuri.

Mataki na uku, an daina ɗora saƙo a kan kai ɗaya. Akan yanyanka shi, a ƙara masa wasu alamomi na gyara, ta yadda ko wani yanki ya ɓace wayar za ta iya cike gurbin. A tsarin 4G akan raba babban layi zuwa ƙananan layuka har 1,200 masu tafiya kafaɗa da kafaɗa. Kamar a ce maimakon ɗan dako ɗaya ya ɗauki kaya duka ya ruga, an raba wa mutum 1,200 kowa ya ɗauki kaɗan. Rami ya kayar da wasu, sauran su isa.

Mataki na huɗu shi ne mayar da cuta magani. Wayoyin zamani suna da eriya biyu ko huɗu a ɓoye cikin jikinsu. In ɗaya ta faɗa duhu, da wuya ɗayar ma ta faɗa. Bugu da ƙari, tunda hanyoyin suna da yawa, sai turke ya aika saƙonni dabam-dabam a kan zango guda lokaci guda, wayar ta rarrabe su saboda kowanne ya iso da irin tasa kama. Wato bangayen nan da ke hana ruwa gudu su ne suka zama ƙarin hanyoyi. A tsarin 5G kuwa allo ɗaya yakan ƙunshi ƙananan eriyoyi masu yawa da ke haɗa kai su karkata igiyar wajen mai waya, kamar mai haska tocila maimakon mai kunna aci-balbal. Sai dai gajeriyar igiyar nan ta megahaz 3,500 ba ta ratsa bango kamar ta 700 ko 800, saboda haka kamfanoni ke haɗa dogaye da gajeru: dogaye don nisa da cikin ɗaki, gajeru don ɗaukar jama'a da yawa.

Sabis cike, kira ya ƙi shiga

Wannan kuma wata matsala ce dabam. 'Yan sandunan da ke saman fuskar wayarka ƙarfin muryar turke kawai suke nunawa, ba sa gaya maka ko akwai wurin zama a ajin. Kowane turke yana da iyakar abin da zai ɗauka. A tsarin GSM mutum takwas ke karɓa-karɓa a layi ɗaya, kowa da ɗan lokacinsa da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Ranar Salla, ko a filin ƙwallo, ko a Kantin Kwari ana tsakiyar ciniki, dubban wayoyi ne ke neman turke ɗaya ko biyu. Babban misali shi ne Mina lokacin aikin Hajji, inda a 2019 alhazai kusan miliyan biyu da rabi suka taru a kwari guda, abin da ke tilasta wa kamfanoni ƙara turaka kusa da kusa. Maganin cunkoso shi ne a ƙara yawan azuzuwa a rage girmansu, ɗaga murya ba ya magance shi.

Game da ruwan sama, ɗigonsa bai cika damun igiyar da ke tsakanin wayarka da turke ba. Wadda yake duka ita ce ta farantan nan masu haɗa turke da turke, domin da yawansu suna aiki a kan fiye da megahaz 10,000, inda igiya ta gajarce sosai. Ƙurar hunturu tasirinta kaɗan ne. Sau da yawa ma laifin ba na iska ba ne sam: wuta ce ta ɗauke, ko janareton turke ya tsaya, ko masu haƙar titi sun tsinke wayar ƙarƙashin ƙasa.

Tsoron turke a unguwa

Mutane da yawa suna fargabar turke kusa da gida. Igiyar rediyo ba irin hasken ɗaukar hoton ƙashi na asibiti ba ce, ba ta da ƙarfin farfasa ƙwayoyin jiki. Abin da aka tabbatar tana yi in ta yi yawa shi ne ɗumamawa, kuma an sa iyaka a kan haka. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba a sami gamsasshiyar hujja ba cewa raunanan igiyoyin turaka suna cutar da lafiya. A 2011 sashenta mai binciken ciwon daji ya sa igiyar rediyo cikin jerin abubuwan da ake zato a kansu ba tare da tabbaci ba, bisa duba masu yawan kara waya a kunne. A 2024 kuma wani babban nazari da hukumar ta sa aka yi bai ga alaƙa tsakanin amfani da wayar hannu da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba. Ka kuma tuna abin da muka faɗa a baya: allunan turke nesa suke harbawa, ba gindinsu ba, kuma idan turke ya yi nisa wayar da ke manne da kunnenka ce ke ƙara ƙarfi. Abin da ya cancanci maƙwabta su sa ido a kai shi ne ingancin ginin turken, da tazararsa daga gidaje, da ƙara da hayaƙin janareto.

Amfanin ilimi aiki da shi

In sabis ya yi rauni, kafin ka zargi waya, matsa taku ɗaya ko biyu. In bai yi ba, nufi taga ko ƙofa ko tsakar gida, ko ka hau sama. Kada ka dunƙule wayar da tafin hannu gaba ɗaya, domin eriyoyinta a gefe-gefe suke, sama da ƙasa. Mai shagon kwantena da ke karɓar kuɗi ta na'urar POS ya ajiye ta kusa da bakin ƙofa, ba can ƙurya ba. A wurin taro, gajeren saƙon rubutu ya fi kira samun shiga. In za ka kwana inda ba sabis, kashe wayar don kada ta ƙarar da batir wajen nema.

Ga kuma gwaji biyu da za ku iya yi a aji da izinin malam. Na ɗaya, a sa waya cikin tukunyar ƙarfe a rufe ruf, a kira ta. Sau da yawa kiran ba zai shiga ba. In ya shiga, ku binciki murfin, akwai tsaga. Na biyu, ku zana taswirar makarantarku, ku zagaya da waya ɗaya kuna rubuta yawan sandunan sabis a kowane aji, da bayan katanga, da ƙarƙashin bishiya, da tsakiyar fili. Daga nan ku gwada cankar ɓangaren da turkenku yake kafin ku fita ku duba. Aikin da Okumura ya yi a Tokiyo ke nan, sai dai naku ƙarami ne. Mai son lissafi kuma ya nemo mana tsawon igiyar da ke kan megahaz 2,100, da tazarar da ke tsakanin ramukanta.